Mai Tsire a Gaban Ɗanyen Kifi

Motar da ta ɗauko mu daga Jidda ta sauke mu a Madina da hantsi. Kowa ya kama gabansa, ni kuwa na zauna a kan jakata ina jiran mutumin otal. Haka dillalin da ya yi mini hanya a Funtuwa ya ce: otal ne babba kusa da Harami, mai gashin nama suke nema, ina sauka za a zo a ɗauke ni. Gidanmu gidan pawa ne, a bakin tukuba na yi wayo, don haka ban ga abin tsoro ba. Murna ma ta hana ni zama. In na zauna sai in miƙe in leƙa hasumiyoyin masallacin Manzon Allah, in ce wa kaina, yau Nura kai ne a Madina.

Sai bayan la'asar wani dattijon Balarabe ya tsaya da a-kori-kura cike da buhunan abincin tumaki. Ya kira sunana, ya nuna mini mazauni. Muka yi ta tafiya, benaye suka ƙare, duwatsu suka fara. Na ce, "Otal?" Ya ce, "Badar."

Badar ɗin da muke ji a makarantar Islamiyya! Na manta da maganar otal, na manna fuska a gilashi ina kallon tsaunuka. Sai da muka shiga wata gonar dabino, dattijon ya miƙo mini igiya da lauje ya nuna sama, sannan na dawo hayyacina. Na ciro waya na nuna masa hoton tukubarmu, ga ni tsaye da tsinkunan tsire. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafe kai. Shi mai hawan dabino ya nema, kuma an tabbatar masa cewa gwani aka turo. Muka kira dillalin, wayarsa a kashe. Mu biyu aka yi wa sakiyar da ba ruwa, ni da shi.

Sunansa Abu Salim, kuma ba mugu ba ne. Amma iƙamata, wato takardar zaman ƙasa, da sunansa take. Da Larabcinsa da hannuwansa ya fahimtar da ni cewa zai riƙe ni zuwa ƙarshen kakar dabino. In na sami wanda zai karɓi kafalata, wato ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, kafin nan, zai sa hannu da zuciya ɗaya. In ban samu ba, sai gida.

Na koyi hawa, ba don na iya ba. Ƙaya ta tsaga mini tafin hannu, cinyoyina suka saɓule. Abincina gurasa da wake da shayi, wani lokaci shinkafa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙamshi. Da yamma ta yi sai hancina ya fara neman hayaƙin kitse da ƙuli-ƙuli, irin wanda ke tashi a ƙofar gidanmu ya cika layi. Nan kuwa babu komai sai warin tumaki da zaƙin dabino mai hawa kai. Kuma babu mai ce mini sannu da harshena.

Wata rana ina can ƙololuwa, ƙaya ta soke ni a ƙarƙashin farce. Na saki baki na zazzage wa dabinon nan zagi da Hausa tsantsa. Sai na ji an fashe da dariya daga ƙasa.

"Kai ya waladi, me itacen ya yi maka? Ɗan ina ne kai?"

Saura kaɗan in faɗo. Wani ƙaton mutum ne baƙi, cikin farar jallabiya, tsaye kusa da motar sanyi. Na sauko, na kama hannunsa na ƙi saki. Sunansa Bakur, haifaffen Madina ne, kakanninsa ne suka zo Hajji a ƙasa suka zauna. Kifi yake ɗaukowa daga Yanbu yana rarrabawa gidajen abinci, yakan tsaya wajen Abu Salim ya sayi dabino. Hausarsa rabi Larabci ce, amma a kunnena ta fi kiɗa daɗi. Ya saurari labarina, ya kalli hoton tukubar, ya ce, "Ɗayyib. Akwai wani maɗ'am a titin Sultana, gidan abinci ke nan, suna neman mai sanin wuta. Amma fa mutanen Japan ne, abincinsu sai ka gani."

Na ce, "Ammu, ko na aljanu ne ka kai ni."

Abu Salim ya yarda in je gwaji. Ammu Bakur, wato Baffa Bakur, ya sauke ni a gidansa a unguwar Jurf, ya ba ni ɗakin da ke kusa da na mahaifiyarsa, Hajja Hauwa. 'Ya'yansa suna jin duk abin da na faɗa, amma da Larabci suke mayar mini. Hajja ce kaɗai ke zama da ni ta yi Hausa irin ta mutanen da, tana tambayata ko har yanzu ana yin fura da gero, ko an bari.

Ba zan manta da ranar da na fara shiga kicin ɗin Sultana ba. Na zaci zan tarar da hayaƙi da ihu. Sai na tarar da wuri tsit, sanyi kamar asibiti, da wani ɗan siririn tsoho mai furfura yana wasa wuƙa a kan dutse. Shi ne Mu'allim Idris, babban mai girki. Ba-Japane ne, ya musulunta da girmansa, ya zo Umara Madina ta shiga ransa. Larabcinsa bai fi nawa ba sosai, sai muka riƙa haɗuwa a tsakiya, rabi baki rabi hannu.

Ammu ya fara sauke akwatunan ƙanƙara, ni kuwa na saki baki. Ga wata halitta mai hannuwa takwas, kowane hannu da 'yan bakuna kamar ƙahon wanzami. Ga kifi mai siffar maciji. Ga wani abu baƙi mai ƙaya kamar bushiya, Mu'allim ya fasa shi ya kwaso wani rawaya-rawaya a ciki da cokali yana murmushi. Ga jatan lande masu tsawon tafin hannu. Ga wani ƙaton kifi da ya kusa kai ɗan maraƙi, da aka tsaga shi sai na ga namansa ja wur, kamar na shanu. Na ce, "Subhanallahi, wannan kifi ne ko sa?" Ammu ya yi ta dariya.

Wurin wuta aka kai ni, kuma nan na ga abin da ya sa na kusa rawa. Ashe su ma tsire suke yi! Tsinke ne irin namu, gawayi ne irin namu, sai dai kaza suke sokewa, kuma ba sa yar da komai. Tsinken zuciya daban, na ƙundu daban, na hanta daban. Fata zalla a naɗe a tsinke, a gasa ta har ta yi ƙus-ƙus. Guringuntsin ƙirji, wanda mu muke jefa wa karnuka, nan tsire ne mai tsada. Har ɗan kitsen nan na gindin wutsiya yana da nasa tsinken. Harshen sa kuwa a yanka shi siriri kamar ganye, a taɓa masa wuta, a matsa lemon tsami. Ba yaji, ba ƙuli, gishiri kawai ko wani baƙin romo na waken suya. Na ɗanɗana. A raina na ce, ashe mun daɗe muna rufe wa nama baki da yaji.

Hannuna ya san wuta, don haka wannan bai ba ni wuya ba. Mu'allim yakan tsaya a bayana yana kallon yadda nake juya tsinke, ya gyara mini wani abu, wani kuma ya gyaɗa kai. Na fara sa rai.

Sai ranar da ya kira ni gaban teburinsa. Ya yanko jan kifin nan, yanka ɗaya, wuƙar ta wuce kamar a ruwa. Ya ɗora a ƙaramin faranti ya turo gabana.

Na ce, "Wuta fa, Mu'allim?"

Ya ce, "Ma fi wuta," wato babu wuta. "Ci."

Na ɗauka wasa ne. Ya bayyana mini da kyar cewa a kicin ɗinsa babu mai aikin wuri ɗaya. Ran da aka yi cunkoso kowa zai taɓa ɗanyen, kuma wanda bai san ɗanɗanon mai kyau ba, ba zai gane wanda ya fara juyawa ba, zai kwantar da mutane. Wanda ba ya ci, ba ya aiki.

Na ɗauka na kai baki. Sanyi, santsi, laushi. Maƙogwarona ya rufe kamar an ɗaure shi da igiya. Na ruga bayan gida.

Da na dawo bai yi faɗa ba. Ya ce, "Bukra," wato gobe. Gobe ta zo, haka. Jibi ma haka. Na je na tambayi wani malami ɗan Nijar da ke karantarwa a masallacin unguwa, ina fatan ya ce haramun ne in sami hujja. Ya ce abin teku halal ne, dafaffe ko ɗanye, sai in zai cutar. Na fito ina jin haushinsa.

Shi kuwa Mu'allim, maimakon ya lallashe ni, sai ya riƙa ba ni labaran garinsu lokacin da muke soke kaza. Wai akwai inda ake cin ɗanyen naman kaza, amma ya ɗaga yatsa ya ce shi ba zai taɓa ba wa kowa a nan ba, haɗarinsa ya yi yawa. Wai talibamban, kifin nan mai kumbura, suna cin sa, alhali akwai guba a cikinsa da ke kashe mutum, sai wanda ya yi shekaru yana koyo ake bari ya feɗe shi. Ina jin tsoro, ina kuma ƙara matsowa. Sannan ya ce abin da ya fi kewa a duniya shi ne doki.

Na ce, "Hawa?"

Ya ce, "Ci. Ɗanye. Da citta da tafarnuwa."

Tsinken hannuna ya faɗi. Na ce mu a wajenmu malamai sun hana. Ya ce ya sani, wasu malaman kuma sun halatta, amma ko ma dai yaya, nan ba mai sayar masa. Ya ce da ya musulunta ya bar giya da alade bai waiwaya ba, amma har yau yakan yi mafarkin farantin doki a gidan mahaifiyarsa. Ya tsura wa garwashi ido. Ranar na fara gane cewa ba ni kaɗai ba ne hancinsa ke neman gida.

Ana haka Abu Salim ya kira Ammu ya ce an kusa gama sauke dabino. Mai gidan abincin kuma, wani Basa'ude da ake kira Abu Fahad, ya ce shi ba ruwansa, abin da Mu'allim ya ce shi ne. Na koma Jurf ran nan jikina a sanyaye. Hajja Hauwa ta lura ban taɓa abinci ba, ta matsa sai da na faɗa mata. Na zaci za ta tausaya mini. Sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan mahauta guda, ɗanye ke ba ka tsoro? Kai, yaran yanzu! Bari Juma'a ta zo."

Ranar Juma'a da safe Ammu ya yanka rago saboda baƙin da zai yi. Tun naman na motsi Hajja ta sa aka kawo mata hanta da tumbi. Ta wanke tumbin tas, ta yayyanka su ƙanana, ta zuba albasa da barkono da tunkuza, ta matse lemon tsami, ta ɗiga ɗan ɗacin matsarmama. Ta ce marara ke nan, a Sudan iyayenta suka koya lokacin da suka yi zango a hanyar Hajji, da ita ta girma. Ta damƙo da yatsunta ta miƙo saitin bakina.

"Hajja, don Allah..."

"Buɗe. Ni za ka mayar wa hannu?"

Ina zan iya? Na runtse ido na karɓa. Tsami ya fara zuwa, sai yaji, sai gyaɗa, sannan hantar ta fashe a haƙorina da wani ɗan zaƙi da ban taɓa sanin tana da shi ba, ni da na gasa hanta tun ina yaro. Na jira maƙogwaro ya rufe. Bai rufe ba. Na buɗe ido na ga jikokinta sun kewaye ni suna ɗauka da waya. Na ce, "Hajja, a ƙara." Gidan ya kaure da shewa.

Washegari tun kafin in sa rigar aiki na tsaya gaban teburin Mu'allim na ce ya yanko. Ya kalle ni, ya yanko. A gefen farantin akwai wani ɗan koren ƙulli da suke sawa. Don in nuna jarumta sai na kwashe shi duka na shafe kifin da shi, kamar yadda ake wa tsire da yaji. Na ga ya ɗaga hannu zai hana, amma na riga na kai.

Jama'a, ba a harshe abin ya tsaya ba. Hanci ya bi ya haye ƙwaƙwalwa, kamar an hura mini wuta ta ciki. Hawaye suka ɓalle, na dafe tebur, na kira sunan Allah. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa sosai ba sai ga shi durƙushe yana dariya yana buga cinya. Da abin ya lafa ya sake yanko wani, ya ɗan taɓa koren da bakin tsinke, ya tsoma gefe a baƙin romon ya ba ni. Wannan karon na tauna a hankali. Babu ƙarni ko kaɗan. Narkewa ya yi kamar man shanu mai sanyi, ya bar wani garɗi a baya. Na tsaya ina mamakin abin da na yi ta gudu.

Daga ranar na zama kamar yaron da aka saka a kantin alewa. Na ci mai hannuwa takwas, ɗanye da dafaffe. Na ci macijin kifin nan gasasshe da romo mai zaƙi, wanda har yau shi na fi so. Rawayan cikin bushiyar teku dai mun gwada ba mu shirya ba. Mu'allim ya koya mini bambance na yau da na jiya ta ido da ƙamshi da dannawar yatsa, har da rufe mini ido yana ba ni in faɗa. Ya ce ɗanye ba wasa ba ne, wanda zai ba wa mutum abin da wuta ba ta taɓa ba, amana ya ɗauka.

Na ba shi labarin mararar Hajja, sai idonsa ya yi haske. Ya tambaye ni wane nama ne a ƙasar nan ja, marar kitse, mai kama da doki. Na yi tunani na ce hashi, wato ɗan raƙumi. Muka je kasuwar nama tare, ni na zaɓi tsoka, shi ya duba ta kamar mai sayen zinariya. Bai yarda a ci shi ɗanye sak ba. Ya sa na hura gawayi har ya yi fari, na birgima tsokar a kai ta ƙone ta waje, ya tsoma ta a ruwan ƙanƙara, sannan ya yanka ta falle-falle, gefe baƙi, ciki ja. Ya ɗora citta da tafarnuwa. Ya sa ɗaya a baki ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Ya ce, "Ba shi ba ne. Amma ɗan'uwansa ne."

Ni kuma na roƙe shi in barbaɗa yajin ƙuli a rabin farantin, wanda na daka a turmin Hajja. Ya ce kaɗan. Da Abu Fahad ya zo da yamma aka ajiye masa. Ya ci ɓangaren citta, ya ci na yaji, ya koma na citta, ya share farantin. Ya juya wajen Mu'allim ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan ya zauna?"

Mu'allim ya ce, "Ya zauna."

Abu Salim ya cika alkawari, ya amince aka mayar da kafalata, har ya aiko mini da kwalin dabino ta hannun Ammu. Ranar da komai ya kammala na wuce Harami na yi sallar la'asar, na fito farfajiya ƙarƙashin manyan laimomin nan, na kira mahaifina. Duk watannin nan ce masa nake aiki lafiya, ban da ƙari. Baba mutum ne da ya yi shekaru yana pawa, in tsire ya fito da ɗigon jini a ciki, mari ne. Ranar na kwashe komai na faɗa masa, tun daga dabino har zuwa kifi.

Ya ce, "Tsaya, Nura. Ɗanye kuke ba mutane?"

"Ɗanye, Baba."

"Su biya?"

"Su biya, har su yi godiya."

"To kai aikin me kake yi musu da ake ba ka albashi?"

Na yi dariya har mutane suna waiwayowa. Na ba shi labarin zuciyar kaza da guringuntsi, da raƙumi, da dokin da Mu'allim ke mafarki. Ya yi ta salati, ya ce in zan dawo in bar wannan ilimi a filin jirgi, kada in shigo masa da shi gida in ɓata sunan zuri'a. Na ce to. Muka yi sallama, har na sauke wayar daga kunne, sai na ji yana kira.

"Nura. Kana ji na?"

Ya rage murya, da alama ya matsa daga inda mutane suke.

"Raƙumin nan. Wace tsokar kuka ɗauka?"